Nonon Cima

Shekara uku kafin Turawa su naɗe tutarsu, damina ta ƙi mutanen arewa sau biyu a jere. Sai muka fara ganinsu a hanyar Rano, biyu-biyu, uku-uku, da ƙwarya da tabarma. Wasu suka wuce, wasu suka tsaya. Cikin waɗanda suka tsaya a Unguwar Gai akwai wata mata mai suna Cima, daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram. Mijinta ya rasu a hanya. Ba ta iso da komai ba sai goyo, 'ya mace 'yar wata huɗu, Maijidda.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Gwadabe, saboda haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na ji shi ba. Gwadabe manomin gyaɗa ne mai rufin asiri, rumbunsa biyar, kuma shi kaɗai ke da keke a unguwar. Kwana uku kafin Cima ta iso, matarsa ta rasu wajen haihuwa, ta bar ɗa namiji, wanda aka raɗa wa suna Habu. Ba sauran mace a gidan sai ƙanwar mahaifin Gwadabe, Gwaggo Tani. An gwada jaririn da nonon akuya, yana sha yana amayarwa.

Gwadabe ya tarar da Cima a gindin tsamiyar masallaci. Ina wurin. Bai dubi fuskarta ba, ƙirjinta ya duba, inda zani ya jiƙe.

Ya ce, "Baiwar Allah, taso mu je gida. Akwai ɗaki, akwai tuwo."

Duk muka sa masa albarka. Har da ni.

Ran nan Gwaggo Tani ta miƙa mata Habu ta ce, "Kin ga wannan? Uwarsa ta bar shi. Ki taimaka."

Cima ta karɓe shi hannu biyu. Ta ce, "Gwaggo, ai biyu Allah ya ba ni. Ɗaya nasa, ɗaya na ɗiyata."

Haka aka yi mako guda. Amma nonon matar da ta yi wata tana tafiya da yunwa ba ya isar baki biyu. Habu ya riƙa kuka bayan ya sha. Gwaggo Tani ta ce daga yau duka biyun nasa ne, abin da ya rage na yarinya. Bayan kwana biyu ta ce kukan yarinyar yana hana Habu barci, ta ɗauke Maijidda ta kai ta ɗakinta. Da fari ana fito da ita sau uku a yini. Ya koma sau biyu. Ya koma sau ɗaya, da la'asar, bayan Habu ya tsotse komai. Sauran lokaci tsohuwar tana tsoma tsumma a ruwan koko ta matsa mata a baki, in ta tuna.

Cima kuwa ba a taɓa ciyar da mace a unguwarmu kamar yadda aka ciyar da ita ba. Kunun kanwa da safe, tuwo da man shanu, romon ƙashi ranar kasuwar Kibiya. Gwaggo Tani tana tsaye a kanta har sai ta suɗe kwanon. In ta ce ta ƙoshi, sai tsohuwar ta ce, "Wa ya ce miki ke ake ba? Cinye." Cikin mako uku kumatunta suka ciko, fatarta ta yi sheƙi. Duk wanda ya hango ta sai ya ce Gwadabe ya yi aikin lada.

Ni mutum ne mai son sauraron abin da ba a kulawa da shi. Na san muryar kowane turmi a unguwar: na matata Barira yana da tsaga, ta hanci yake magana, na gidan Mato maƙeri kuwa kamar ana buga ganga a cikin rijiya. To haka na san kuka biyu a bayan katangata. Ɗaya yana ƙara kauri kullum kamar na ɗan rago. Ɗayan yana sirancewa. Da fari kamar na kyanwa, daga baya kamar ƙyaure in iska ta taɓa shi.

Na tare Gwadabe a dakali, yana goge kekensa.

Na ce, "Gwadabe, yarinyar baƙuwar nan lafiya kuwa? Kukanta bai yi mini ba."

Ya yi dariya. "Ramalan, kai dai ba ka da aiki sai kasa kunne. Jiya tururuwa, yau kukan jarirai. Na tsinci mace a gindin bishiya, na ba ta ɗaki, ina ciyar da ita abin da ni ban ci ba. Me kuma ake so?"

"Yarinyar fa?"

"'Ya'yan mutanen nan sun saba da yunwa tun suna ciki. Nawa bai saba ba. In ba don ni ba, da yanzu ungulu ta gama da su duka biyun."

Na yi shiru. Wannan shirun har yau ina jin nauyinsa.

Washegari da hantsi na ji Cima ta durƙusa masa a tsakar gida. Ta ce ya ba ta ɗiyarta, ta gode da abin da aka yi mata, za ta ƙara gaba.

Gwadabe ya ce, "Ƙofa a buɗe take, ban ɗaure ki ba. Amma kin sani 'yan doka suna kama mutanen ƙasar Faransa a hanya, suna loda su a mota a mayar da su inda suka fito. Ke kin iya jurewa. Yarinya kuwa ba zan bari ki kai ta ta mutu a daji ba, Allah zai tambaye ni. Tana nan wurin Gwaggo."

Ba wanda 'yan doka suka kama. Amma Cima ba ta taɓa leƙa ko zaure ba, wa zai gaya mata?

Ta fara sata. In Gwaggo Tani ta zaga bayan gida, sai ta ruga ɗakin ta ɗora yarinyar a nono ko na ɗan lokaci. Tsohuwar ta gane, don kullum tana ɗaga ƙirjin Cima da tafin hannu kamar mai tayin kabewa. Rannan ta ce, "An taɓa wannan." Kafin azahar Gwadabe ya kafa wa ƙyauren ɗakin kwaɗon ƙarfe, Gwaggo Tani ta rataya mabuɗin a wuya.

Cima ta ce, "Gwaggo, don Allah. Ko ɗan kaɗan. Haƙƙinta ne."

"Haƙƙi? Wanda yake cin tuwon wani shi ne yake zancen haƙƙi? Nonon nan hatsin Gwadabe ne ya zama ruwa. Kin zo da shi daga garinku?"

A ƙasarmu akwai abu ɗaya da ba a hana mace, wato abin da ta faɗa a bakin turmi. In tana daka tana waƙa, ba a kai ƙararta, ba a tambayarta da wa take. In maƙwabciya ta ji, tana iya amsa mata daga nata turmin. Maza kuwa ba sa saurara. A wurinsu daidai yake da kukan kaji. Gwaggo Tani ta ce daka tana saukar da nono, saboda haka ta ba Cima tabarya kowace rana da azahar.

Ina zaure ina ɗinkin hula na ji wata murya mai harshen arewa tana hawa da sauka tare da tabarya:

*Turmi, kai ne ɗan'uwana a garin nan,*
*Ana cika ka, ana kwashewa.*
*Na ci tuwo, na sha kunu,*
*Ɗiyata tana bayan kwaɗo.*

Turmin Barira ya tsaya. A lokacin ita ma tana da goyo, ɗanmu Lado. Can sai na ji ta ɗora:

*Mai daka ta bayan katanga,*
*A hannun wa mabuɗin yake?*

Aka amsa mata:

*Yana rataye a wuyan tsohuwa,*
*Mai keke ya ce daidai ne.*

Gwaggo Tani ta ji sarai. Ta ce, "Yi ta waƙarki, in dai gari zai yi laushi."

Barira ta yafa mayafi ta shiga gidan wai ta zo aron rariya. Tsohuwar ta tare ta a tsakar gida, ta ce yarinya tana barci, ta miƙa mata rariya ta rako ta har zaure. Ni kuma na je wurin mai unguwa. Ya ce, "Ramalan, mutum ya yi alheri a cikin gidansa, ni in shiga in buɗe masa ɗakuna? Je ka ci gaba da hularka."

Amma waƙa ta riga ta haura katanga. Daga turmin Barira ta koma na gaba, daga nan ta kai gidan Mato maƙeri, inda matarsa Uwa ta ƙara mata baiti. Jummai Bafulatana mai tallan nono ta ɗauke ta a ka tare da ƙwaryarta, ta kai ta sauran gidajen bayan rijiya, ta dawo da baiti biyu. Kowace mace ta sa abin da ya fi ci mata rai. Cikin kwana goma, in azahar ta yi, ina jin turmi takwas suna magana ɗaya. Mazajensu suna zaune a inuwa suna zancen farashin gyaɗa, ba wanda ya ji ko kalma.

Barira ta ce mini, "Malam, saura kwana shida sadakar arba'in ta matar Gwadabe. Dole ya buɗe mana ƙofa mu daka masa gumba."

Na ce, "Anya yarinyar za ta kai?"

Ta ɗauki tabaryarta ta koma bakin turmi.

Ana saura kwana biyu kukan ya ɗauke gaba ɗaya. Na yini a gindin katanga, kunnena a jikin ƙasa, har tururuwa ta hau mini wuya. Na ji Habu, na ji tabarya, na ji tarin Gwaggo Tani. Na ukun ban ji ba.

Gwadabe ya so a yi sadakar da za a daɗe ana faɗa. Ya fitar da gero dami huɗu, ya aika kowane gida a zo da turmi. Da hantsi turmi goma sha ɗaya suka jeru a tsakar gidansa. Mu maza muna ƙofar gida a kan tabarmi, da mai unguwa, da Liman Ƙasimu, tsoho mai sanyin magana. Keken Gwadabe yana jingine a katanga, an goge shi yana walƙiya.

Liman ya ɗaga hannu zai fara addu'a, sai aka ɗauki lugude a ciki. Tabarya ashirin da biyu suna sauka bi da bi, ƙasa tana motsi a ƙarƙashinmu. Mata suka buɗe murya gaba ɗaya. Wannan karon ba mai iya cewa kukan kaji ne, don ko addu'ar ba a ji.

*Uwa ta yi ƙiba, 'ya ta bushe,*
*Wannan wane irin alheri ne?*
*An tatsi mace kamar saniya,*
*Ko saniya ana barin ɗan maraƙi ya sha.*
*Mabuɗi yana wuyan tsohuwa,*
*Mai keke ya ce daidai ne.*

Ba su ambaci suna ba, don ba a ambata. Amma mutum arba'in suka juya suka dubi keken, sa'an nan suka dubi mai shi.

Gwadabe ya yi murmushin dole. "Mata ke nan, Allah gafarta Malam. Ci gaba."

Liman ya sauke hannu. Ya ce, "Bari su gama. Ina son in ji."

Abin da ya faru a ciki Barira ce ta gaya mini. Uwa da Jummai suka sa Gwaggo Tani a tsakiya, suna daka ta dama da hagu, ba ta da hanyar wucewa. Barira ba ta tsaya neman mabuɗi ba. Ta je bakin ɗakin da tabaryarta, ta riƙa dukan kwaɗon daidai da saukar lugude, don kada a ji daga waje. A bugu na biyar ya faɗi.

Maijidda tana kan tsummokara a bayan tukunya. Idonta a buɗe, ƙuda yana yawo a kai ba ta ƙiftawa. Cima ta faɗa kanta ta ɗora ta a ƙirji, amma an riga an ba Habu da safe har ya ture, ba abin da ya rage, yarinyar kuma ba ta da ƙarfin ja. Barira ta zauna a ƙasa, ta fito da nata, ta riƙa matsa mata ɗigo-ɗigo a gefen baki. An daɗe kafin maƙogwaron ya motsa. Da ya motsa, sai leɓen ya kama. Daga Barira ta koma hannun Uwa, daga Uwa sai Jummai. Masu goyo shida ne a gidan ran nan, kowacce ta ba ta, sauran suna daka suna kuka suna waƙa.

Can lugude ya tsaya. Na ji muryar Barira daga cikin zaure.

"Malam, zo ka karɓi 'yarka."

Na tashi ban san abin da take nufi ba. Ta ɗora mini ita a hannu. Na taɓa ɗaukar matacciyar shamuwa, ta fi yarinyar nauyi. Na fito da ita na durƙusa gaban Liman, na yaye tsumman.  Wani ya juya kai ya tofar.

Barira ta ce daga bayan ƙyaure, "Allah gafarta Malam, tambaya muka kawo. Matar da ta shayar da ɗan mutum kwana talatin da bakwai, mece ce ita a wurin ɗan?"

Liman ya ce, "Uwarsa ce."

"'Yarta fa?"

"'Yar'uwarsa ce, kamar ciki ɗaya."

Gwadabe ya miƙe. "Wace irin 'yar'uwa? Baƙuwa ce fa! Ba a san asalinta ba. Ni na tsince ta, ni na ciyar da ita. Ɗana zai mutu, me ake so in yi? Sadaka na yi, kowa shaida ne!"

Liman ya ce, "Zauna, Gwadabe. Da ka nemi mata su taimaka, da an taimaka maka, ga su nan da yawa. Ba ka so a ce ka roƙa, sai ka nemi wadda ba ta da mai tsaya mata. Ba a ƙwace abincin jariri a ba wani jariri, ko ɗan wane ne."

Barira ta ce, "Saura ɗaya, Malam. Mu shida muka ba yarinyar nan yanzu. Ni, da Uwa, da Jummai..." Ta lissafa su duka.

Liman ya dubi jama'a. "To ku shida iyayenta ne. Mazajenku kuma ubanninta ne. 'Ya'yanku 'yan'uwanta ne."

Mato maƙeri mutum ne mai jinkirin fahimta. Ya juya maganar a ransa, sa'an nan ya tashi tsaye, inuwarsa ta rufe Gwadabe.

Ya ce, "Wato 'yata ka kulle?"

Sai da mutum uku suka riƙe shi. Liman ya yi wa marigayiya addu'a, ya ce ita ba ta da laifi. Muka shafa, muka tashi. Gumbar nan ta gero dami huɗu ba wanda ya taɓa ta. Ta yi tsami a ƙwarya, har awaki suka ƙi ta.

Ran nan Cima ta fita daga gidan da 'yarta a hannu, mata suna gaba suna baya. Suka kai ta gidan Mato, can ƙarshen unguwa bayan rijiya, suka ba ta ɗaki da tukunya, Jummai ta kawo mata akuya. Washegari Gwaggo Tani ta aiko a dawo da mai shayarwa, yaro yana kuka. Uwa ta mayar da amsa cewa Cima ba za ta ƙara taka gidan nan ba, kuma ba macen da za ta taka shi. In ɗa yana son uwarsa, ubansa ya kawo shi da hannunsa.

Gwadabe ya daure kwana biyu. A na uku muka gan shi ya fito da jariri a kafaɗa, namiji mai rumbu biyar, yana ratsa unguwa da rana tsaka. Duk gidan da ya gifta sai turmi ya tashi. Haka ya riƙa yi, safe, azahar, la'asar, don ya ce ba zai bar ɗansa ya kwana a gidan wani ba.

Ina maƙera ina kallon Mato yana ƙera lauje ranar da Gwadabe ya cika wata guda yana wannan zirga-zirga. Ya rame, ya daina hawa keken. Cima ta fito zaure ta karɓi Habu, ta yi masa wasa, yaron yana dariya yana kama mata hanci. Gwadabe ya durƙusa. Ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a salla.

Ya ce, "Cima, na yi kuskure. Ki yafe mini. Ki ce su daina waƙar nan. Na je Kibiya na same ta, na je Tarai neman aure, tun daga bakin gari na ji ta, na juyo."

Cima ta dube shi. Ta ce, "Habu ɗana ne. Abin da ya sha na yafe masa duniya da lahira, bai san komai ba. Kai kuwa, Malam Gwadabe, ka sani. Kana ji kamar yadda nake ji, katanga ma babu tsakaninka da ɗakin."

"To me zan yi?"

"Ba abin da za ka yi. Ka jira. Ranar da ɗiyata ta tashi ta taka da ƙafarta, ni da kaina zan bi gida-gida in ce su bari."

Ya ga abin ba wuya, yara ai suna tafiya. Ya riƙa aiko da ƙwai da zuma, yana tambayar Mato ko ta fara rarrafe. Habu ya yi tafiya yana wata goma sha ɗaya. Lado ɗana ya riga shi. Maijidda ta yi ƙiba, ta yi wayo, ta iya magana kafin su duka. Amma ƙafafun nan suka tsaya kamar sillen kara. Ko yunwar ce, ko wani abu ne dabam, Allah ne ya sani. Mu dai yunwar muka gani.

Har yau akwai irin Gwadabe. Masifa ta koro mutum daga ƙasarsa, su tare shi da fara'a, su duba abin da ya rage a jikinsa mai amfani, su tatse, sa'an nan su zauna a ƙofar gida ana sa musu albarka. Mu kuma maƙwabta mu ji kuka mu ce ba gidanmu ba ne. Na rubuta wannan ne don su sani wani lokaci ana biya tun a nan.

Gwadabe ya yi shekara goma sha tara yana jira. Bai ƙara samun matar aure ba a Rano ko Kibiya. Ya mutu a ɗakinsa da azahar, lokacin daka. Maijidda tana nan da ranta, tana saƙa faifai a ƙofar gidan Mato, 'yan'uwanta na gida shida suna ɗaukarta duk inda take son zuwa. Ba ta taɓa taka ƙasa ba, ko sau ɗaya.